Idan Matakalar Katako Ta Fara Kuka

Matakalar katako ba ta kuka a banza. Duk ƙarar da aka ji sa'ad da aka taka ta, to katako biyu ne suka gogi juna, ko katako ya zame a jikin ƙusa. Akwai wani wuri da ya kamata ya tsaya cik amma yana motsi, ko da motsin bai kai kaurin farce ba. Gyaran duka bai wuce a gano wurin nan a hana shi motsi ba. Abin da aka saba yi kuwa daban ne: maigida ya ɗauko guduma ya ƙara ƙusa uku ko huɗu inda ya ga dama, ko ya aiki yaro gareji a samo baƙin mai a tsiyaya. Kukan ya lafa, a yi murna, hunturu na shigowa ya dawo da ƙarfinsa.

A gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji ba a cika ganin matakalar katako ba, kuma dalilin a fili yake. Mai soro da ƙasa yake gina matakalarsa, mai sabon bene kuma siminti yake zubawa ko ya kira mai walda. Inda katako ya samu shiga shi ne tsofaffin gidaje da shagunan ƴan kasuwa masu ɗakin ajiya a bisa, a garuruwan bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Gidan Rumji, ta wuce Maraɗi zuwa Cadawa, Agiye da Gazawa kafin ta kai Tasawa. Sai tsanin da ake hawa rufin soro da shi a duba indararo ko a yi yaɓe kafin damina, sai mumbarin masallacin Juma'a, wanda shi ma ƴar matakala ce, kuma in ya yi kuka duk masallaci sai ya ji, tunda lasifika na kusa. Waɗannan duka ciwonsu ɗaya ne. Tsanin rumbu na gargajiya kaɗai ya tsira, wato gungumen icce mai gwafa da masassaƙi ya sare wa matakai da gizago. Icce ɗaya ne tak, ba shi da abokin gogayya.

Katako yana shan laimar iska, yana kuma amayar da ita. A jahar Maraɗi, daga Janairu zuwa Maris laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ta haura kashi 70. Katakon da ke cikin ɗaki yana bin ta sau da ƙafa: ruwan jikinsa kan yi ƙasa zuwa kashi 4 ko 5 cikin 100 a rani, ya hau zuwa 13 ko 14 a tsakiyar damina. Da ya sha ya kumbura, da ya bushe ya tsuke. Abin lura shi ne, a faɗi da kauri yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Mataki mai faɗin santimita 25 yana iya ƙaruwa ya ragu da wajen rabin santimita tsakanin Maris da Agusta, alhali dogon katakon gefe da aka kafa shi a jiki yana nan yadda yake. Kowace shekara sai an yi wannan ja-in-ja a kan ƙusa.

Duk wanda ya taɓa jiƙa ƙotar gatari a ruwa don ta kama ya san yadda abin ke ƙarewa. Da safe ta kama gam, bayan ta bushe kuma ta fi da sakewa, saboda iccen ya kumbura bai samu wurin zuwa ba, ya murƙushe kansa a jikin ƙarfe, kuma wurin da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake. Haka ramin ƙusa ke faɗaɗa damina bayan damina. Daga nan ake gane lokacin gyara: ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da katako ya gama tsukewa kuma kowace kafa ta buɗe iyakar buɗewarta. Abin da aka matse a wannan lokaci, damina ƙara matse shi za ta yi. Wanda ya yi gyara a Agusta kuwa ya matse kumburarren katako ne, zuwa Disamba zai sake jin ƙara.

Akwai ƙarin dalili. Katakon zarto da ake sayarwa a Maraɗi ba a nan ake yanka shi ba. Daga kudu yake zuwa, daga dazuzzukan kudancin Najeriya da ƙasashen bakin teku, wani ya shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Sau da yawa yakan iso da sauran ruwa a jikinsa, kafinta kuma ya yi aiki da shi nan take saboda mai aiki na gaggawa. Irin wannan matakala tun raninta na farko take fara magana.

Kafin a taɓa guduma

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya shiga ƙarƙashin matakalar da tocila da alli, ɗaya ya hau. Mai hawan ya zama mai nauyi, ba yaro ba, ya cire takalmi, ya hau a hankali. A kowane mataki ya taka bakin gaba, ya taka can baya, ya taka dama, ya taka hagu, sannan ya tsaya a tsakiya ya ɗan girgiza jiki. Na ƙasa ya ɗora tafin hannu a mahaɗar katakai, domin hannu ya fi kunne gane wurin motsi. Ƙara tana bin jikin katako ta fito a wani wuri daban ta yaudari mutum. Inda aka ji motsi a sa alli. Kada a fara gyara sai an gama duka matakan, don abin da allin ya nuna gaba ɗaya shi ke faɗin irin ciwon.

In alamomin sun warwatsu, nan ɗaya can ɗaya, ƙusoshi ne suka sake. In sun jeru a gefe guda tun daga ƙasa har sama, katakon gefen ne ya buɗe ko ƙafarsa ta nutse. In tsakiyar mataki ce ke lotsawa, katakon ya yi siriri ko ya tsage. In kuma dukan matakalar ce ke rangaji, a bar matakai tukuna a duba inda ta dafa ƙasa da inda ta jingina a bisa.

Sai binciken da ya fi kowanne muhimmanci, wato na gara. A samu basilla ko doguwar ƙusa a riƙa soka katakon, musamman ƙafafu, da gefen da ya manne da bango, da ƙarƙashin matakai biyu na farko. Lafiyayyen katako ba ya barin basilla ta shige. A ƙwanƙwasa da ƙotar guduma a saurara: wanda gara ta cinye cikinsa amonsa holoƙo ne. A duba siraran hanyoyin ƙasa da take ginawa a jikin bango da katako. Gara tana barin fatar waje lafiya lau, har da fenti, ta ƙwaƙule ciki, don haka ido kaɗai ba ya isa. Akwai kuma ƙwaron icce, wanda ake gane shi da ƙananan huji masu faɗin milimita 1 zuwa 2 da lallausan gari a ƙasa, kuma farin katako ya fi so. In basilla ta nutse fiye da santimita ɗaya a katakon gefe, maganar kuka ta ƙare, an shiga maganar karaya. A hana kowa hawa, musamman mai ɗauke da buhu, har sai an canza wannan katako.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Guduma, zarto, awartaki, magagari ko sanfefa, sukundireba, da injin huda, na hannu ko na batir. Sukuru masu kaurin milimita 5 da tsawon santimita 6 zuwa 7.5, in kaurin matakin santimita 2.5 zuwa 3 ne. Ƙa'idar ita ce tsawon sukuru ya kai kaurin katakon sama sau biyu da rabi. Farin gam na kafintoci. Ban da gam mai ruwan ɗorawa na masu gyaran takalmi, wanda ko ya bushe yana nan da danƙo, yana barin katako ya motsa. Sai guntayen busasshen jan katako, da igiya mai ƙarfi, da guntun kyandir.

Wanda ba shi da injin huda ya ara. Na san masassaƙa kan gasa ƙarfe a wuta su huda icce da shi, kuma a ƙota yana aiki, amma ramin da wuta ta ƙona gawayi ne a ciki, zaren sukuru ba ya samun abin kamawa.

Gyara daga ƙasa

In ana iya shiga ƙarƙashin matakalar, an samu sauƙi, don aikin ƙasa ya fi ƙarko kuma ba ya ɓata fuskar katako. Yadda za a yi ya danganta da yadda kafintan farko ya haɗa ta.

Haɗin da ya fi yawa a nan shi ne mafi rauni: a sa mataki tsakanin katakan gefe biyu, a buga ƙusa daga waje ta shige kan matakin, wajen da zarto ya yanke. Ƙusar da ta shiga ta nan tana tafiya ne tare da zaren iccen, riƙonta kaɗan ne, kuma nauyin mai hawa duka a wuyanta yake. Ƙara mata ƴan uwa ba ya magani, sai ma ya tsaga kan matakin. Abin da ake yi shi ne a ba matakin mazauni. A yanka guntun jan katako mai kauri santimita 3 zuwa 4 a kowane gefe, tsawonsa ya kusa faɗin matakin. A goge ƙura da tsohon fenti daga inda zai zauna, har sai ainihin katako ya bayyana, domin gam ba ya kama datti. A huda guntun wuri biyu ko uku ta gefe, wuri biyu ta ƙasa. A shafa gam a fuskar da za ta manne da katakon gefe, a tura shi sama ya tokare matakin sosai, a ɗaure sukurun gefe tukuna, sannan mai nauyin nan ya tsaya a bisa matakin a ɗaure na ƙasa. Sukurun ƙasa kada su yi tsawon da za su ɓullo ta sama su soki ƙafa.

Maganar huji tana buƙatar a tsaya a kanta, don nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa. Ramin da ke cikin katakon farko, wanda kan sukuru zai zauna a kansa, ya zama mai faɗin da sukuru zai wuce ba tare da ya kama ba. Ramin katako na biyu kuma ya zama siriri, wajen milimita 3, don zaren ya ci. In zaren ya kama duka katakan biyu, sukuru zai ɗaure tamau amma ya bar kafar da ke tsakaninsu yadda take, a hau a ji kukan yana nan. A goga wa zaren kyandir kafin a murɗa. Wasu sabulu suke gogawa, yana sa santsi kam, sai dai yana jawo laima ya sa tsatsa.

Haɗi na biyu shi ne wanda ke da mazauni tun asali, amma mazaunin ya sake ko ya tsage. A cire shi da awartaki a hankali, a sa sabo, a kauce wa tsofaffin ramuka da ko santimita 2 ne.

Na uku aikin ƙwararru ne, kuma ba kasafai ake gamuwa da shi ba: an sassaƙa gurbi a jikin katakon gefe, matakin ya shiga ciki, aka buga siririn katako mai bakin gatari, wanda kafintoci ke kira weji, ya matse shi daga ƙasa. Irin wannan in ya yi kuka, wejin ne ya tsuke ko ya faɗi. A zare shi, a kankare tsohon gam, a feƙe sabo daga busasshen jan katako, a shafa gam, a buga har amon guduma ya canza. Daga nan a tsaya. Bugu biyu na ƙari suna iya ɗaga matakin ko su tsaga gurbin.

Wasu matakalu suna da katakon tsaye da ke rufe tsakanin mataki da mataki. Mahaɗarsa da bakin matakin da ke samansa wuri ne da ƙara ke yawan fitowa. A nan ana yanka guntaye masu kusurwa uku, tsawon santimita 7 zuwa 8, biyu ko uku a kowane mataki. A shafa gam a fuskoki biyu, a danna guntun cikin kusurwar, a riƙa goga shi gaba da baya har a ji ya fara ƙin motsi, a bar shi. Ƙasan katakon tsayen kuma a ɗaure shi da sukuru uku cikin bayan matakin da ke ƙasa. A zafin Afrilu farin gam yana yin fata cikin ƴan mintoci, saboda haka a shirya komai kafin a buɗe gwangwani, kuma aikin sassafe ya fi.

In tsakiyar mataki ce ke lotsawa, a ɗaura masa katako a tsaye a kan gefensa daga ƙasa, daga wannan gefe zuwa wancan, da gam da sukuru. Katako a tsaye ya fi na kwance jure nauyi nesa ba kusa ba. Ƙarfen kwana daga wurin mai walda shi ma yana yi.

In katakan gefe sun buɗe

Wannan shi ne ciwon tsani da matakalar shago. Za a ga kafa tsakanin kan mataki da katakon gefe, har ana hango jikin ƙusa. A zagaya igiya biyu a katakan gefen, a sa guntun katako inda igiyar za ta ci don kada ta yi musu rauni, a soka sanda tsakanin igiyoyin a riƙa murɗawa har kafar ta rufe. Kafin a matse, a hure ƙura da tsakuwar da suka taru a ciki, in ba haka ba ba za ta rufe ba. Sannan a huda katakan biyu daf da ƙarƙashin mataki, a zura ƙarfe mai zare na milimita 8 ko 10, a sa washa mai faɗi da noti a kowane gefe, a ɗaure. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, sauran kuma bayan kowane mataki uku ko huɗu. A ganina babu kuɗin da aka kashe a matakala da ya kai na wannan ƙarfe amfani, domin shi kaɗai ne gyaran da ake iya ƙara wa ɗauri duk shekara da sifana, ba tare da an kira kowa ba.

In ba a iya shiga ƙasa

Wata matakalar an toshe ƙarƙashinta da gini. Sai a yi daga sama. A huda matakin daidai inda ya hau katakon tsaye ko mazauni, a faɗaɗa bakin ramin don kan sukuru ya nutse, mutum ya tsaya a kai, a ɗaure. Sukuru biyu ko uku sun isa mataki ɗaya. A kwaɓa garin zarto da gam a toshe ramin, in ya bushe a goge. In dole sai ƙusa, a buga biyu a karkace, wannan ta nufi dama waccan ta nufi hagu, yadda ba za su zaru tare ba. Kuma kada a kusanci bakin katako da ƙasa da santimita 2.

Hoda ko garin bakin fensir da ake zubawa a kafa suna rage ƙara na ɗan lokaci, tunda suna sa katakan su zame ba gardama, amma motsin yana nan yana ci gaba da faɗaɗa ramin ƙusa. Ga mumbarin da za a hau gobe Juma'a, babu laifi. Baƙin mai kuwa ɓarnarsa ta fi amfaninsa a kan mataki: yana sa santsi, yana ɓata tufafi, yana tara ƙura, kuma katakon da ya sha shi gam ba zai ƙara kama shi ba har abada. Ruwa ya fi muni, dalilinsa ya gabata.

Ƙafa da kai

A tsohon gida, ƙafar matakala kan zauna kai tsaye a kan daɓe, wani lokaci ma an binne ta. Ta nan laima da gara ke shiga. A tokare matakalar da gungume, a yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai lafiyayyen katako, a gina mata ɗan dakali na siminti ko a sa faffaɗan dutse wanda zai cike tsawon da aka yanke daidai, a shimfiɗa guntun kwano tsakaninsa da katakon. Kan da aka yanke a shafe shi da kwalta. Nan ne kaɗai baƙin mai ke da wurin zama, in babu kwaltar. Akwai magungunan katako na gwangwani, irin su Xylophène da Solignum. A shafa su bayan gam ya bushe, a buɗe ƙofa da taga, a kau da yara da abinci. Maganin feshin gona da ƙwayar da ake sa wa buhun wake ba na cikin ɗaki ba ne, kada a gwada. In gara ta riga ta shigo, a bi hanyarta har inda ta fito, ko da shurin yana bayan katanga.

Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa, komai tsawonta. Matakalar da aka kafe da bango ta haka tana goga shi ne kawai tana zubar da yaɓe. Gwamma a bar tazarar yatsa biyu tsakaninta da bango, iska ta riƙa wucewa, ido kuma ya riƙa ganin hanyar gara. Kan matakalar a ɗaure shi da katakon bene ko azara. Azarar giginya tana da tauri ƙwarai kuma ƙusa na tsaga ta, don haka a huda a sa ƙarfe da noti, ko a kewaye ta da ƙarfen ɗauri. Tsanin da ake jinginawa shi kuma yana da nasa lissafi: in tsayin inda ya dafa mita 4 ne, ƙafarsa ta nisanci bango da mita 1.

Canza mataki

Matakin da ya tsage daga gefe zuwa gefe, ko gara ta ci, cire shi ake yi. Bayan rufe iyakokin Nijar da aka yi a 2023 kayan da ke shigowa ta bakin teku sun ƙara tsada, don haka mutum na iya sha'awar farin katako mai araha. Bai dace da mataki ba: yana da taushi, sukuru ba ya daɗewa a cikinsa, ƙwari kuma na son shi. A nemi jan katako mai kaurin santimita 3 ko fiye in faɗin matakalar ya kai santimita 80 zuwa 90. Wanda ya fi duka shi ne tsohon katako lafiyayye, na tsohon ƙyaure ko benci, wanda ya ga rani da damina da yawa ya gama rigimarsa. In sabo ne, a ce wa kafinta, "Malam, a jingine shi a inuwa ya sha iska tukuna, ba sauri nake ba," a jera shi da ƴan sanduna a tsakani na wasu makonni. Rana kai tsaye tana tanƙwara shi.

Ga tsani, iccen gida yana wadatarwa. Tun shekarun 1980 manoman jahar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona ana yi masa aski, kuma ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agiye ya yi suna a kan haka. Yau ana samun sanduna a gonaki fiye da yadda ake samu bayan farin 1984. Bedi da turare suna ba da miƙaƙƙun sanduna, a ɓare su a bar su su yi rani guda. Ƙirya ta fi su jure gara, sai dai tauri da nauyi. Gawo bai dace ba, iccensa ba ya ƙarko, ga shi kuma yana cikin itatuwan da aka kare, shi da giginya. Dokar gandun daji ta Nijar ta 8 ga Yunin 2004 tana nan, saboda haka kafin a sare wani babban icce a je wurin ma'aikatan gandun daji a nemi izini.

Sabon matakin ya zauna daidai inda tsohon yake. Ƙafar mai hawa tana koyon tsayin mataki tun daga na biyu ko na uku, in ɗaya ya bambanta da sauran da santimita ɗaya ma sai a yi tuntuɓe, musamman wajen sauka da dare. Wani masanin gini na Faransa, François Blondel, ya kafa ƙa'ida tun 1675 wadda magina ke bi har yanzu: tsayin mataki sau biyu, a haɗa da faɗinsa, ya ba da santimita 60 zuwa 64, wato tsawon taku ɗaya. Tsayi 17 da faɗi 28 sun ba da 62. Matakalun shaguna sun fi haka miƙewa saboda ƙarancin wuri, kuma gyara ba zai canza wannan ba, amma irinsu sun fi buƙatar abin dafawa a gefe, kuma ranar da aka zo da sukuru da injin huda ita ce ranar da ya fi sauƙi a kafa shi.

In an gama, a tare matakalar da igiya ko benci, kada kowa ya hau sai gam ya kwana ya wuni, awa 24. Sannan a maimaita gwajin farko, mai nauyi a bisa, mai alli a ƙasa. Galibi za a tarar da wuri ɗaya ko biyu da babbar ƙara ta danne a baya, a bi su. Bayan daminar farko, wajen Disamba ko Janairu, a zagaya da sifana da sukundireba a ƙara wa kowane noti da sukuru rabin murɗi, a soka basilla a ƙafafun biyu.